Likitoci suna buɗe manhajarmu amma ba sa tura majinyata gwajin magani: ta ina za mu fara gyara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mai tsara manhaja ne. Muna da manhajar da likitoci ke neman gwajin sabbin magunguna da ya dace da majinyatansu, su tura su. Sun sauke ta, suna shiga suna dubawa, amma turawar ba ta taka kara ta karya ba. An ce mu sake mata fasali. Ta ina za mu fara?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kafin ku taɓa launi ko ku matsar da maɓalli, ku gano inda likitocin ke tsayawa. Turawa matakai ce a jere: likita ya tuna akwai gwaji, ya nemo shi, ya duba ko majinyaci ya cika sharuɗɗa, ya yi masa bayani, ya aika, sannan cibiyar binciken ta amsa. Ku ƙirga mutum nawa ke kaiwa kowane mataki har tsawon wata guda. Tunda kun ce suna nema amma ba sa aikawa, hankalina ya fi karkata ga wuri biyu: duba sharuɗɗa, da shirun da ke biyo bayan aikawa.

Sharuɗɗan ne babban aiki. Yawancin irin waɗannan manhajoji daga rumbun rajistar gwaje-gwajen magani na ClinicalTrials.gov suke jawo bayanai, wanda aka buɗe a Amurka a shekarar 2000, inda kowane gwaji ke da lamba mai farawa da NCT sai alƙaluma 8. A can sharuɗɗan shiga da na hana shiga rubutun zube ne, wani lokaci layi talatin ko fiye. Idan kuka kwaso shi kuka zuba a fuskar waya yadda yake, likitan da majinyaci ke zaune a gabansa, wasu kuma na jira a waje, ba zai karanta ba. Zai ce sai an jima, an jiman kuma ba ta zuwa.

Ku tsinka sharuɗɗan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da alama iri uku: ya cika, bai cika ba, ba a sani ba. Ta ukun ce ake yawan mantawa. Misali gwajin maganin sankarar huhu na neman mai shekara 18 zuwa sama, wanda ƙarfin jikinsa a ma'aunin ECOG yake 0 ko 1 (wato yana iya kai-komo da ƙananan ayyuka da kansa), kuma ƙwayar halittar EGFR ta sauya a ƙarin. Idan ba a yi gwajin EGFR ba tukuna, wata manhajar sai ta ɗauka bai cika ba, ta ɓoye gwajin maganin gaba ɗaya. Wata kuma ta ɗauka ya cika, a tura mutum ya sha tafiya a dawo da shi. Duka biyun kuskure ne. Abin da ya dace ta rubuta shi ne: "Sharuɗɗa 9 sun cika, 2 ba a sani ba: EGFR, hoton ƙwaƙwalwa." Da ganin wannan likita ya san abin da zai rubuta a yi. Sharuɗɗan hana shiga su zo a sama, domin ɗaya tak ya isa ya rufe maganar. Kuma duk sharaɗin da kuka taƙaita, a iya latsawa a ga asalin rubutunsa. Likita ba ya amincewa da taƙaitawar da ba zai iya tantancewa ba, kuma yana da gaskiya.

Ku lura da ma'auni da kwanan wata. Sinadarin kiriyatinin, wanda ake auna aikin ƙoda da shi, wasu ɗakunan gwaji na bayar da shi a mg/dL, wasu a µmol/L, kuma tsakaninsu ninki 88.4 ne. Manhajar da ta karɓi lamba tsirara ba ma'auni za ta iya mayar da mai lafiyayyar ƙoda mai ciwon ƙoda. Haka nan sakamakon jini na wata huɗu baya bai kamata ya fito da alamar kore ta "ya cika" ba tare da kwanansa a gefe ba.

Wani tarkon shi ne kalmar "ana ɗaukar mutane". Gwaji na iya kasancewa a buɗe a dunƙule, alhali cibiyar da ke kusa da majinyacin ta cika ko ba ta fara ba. Ku nuna matsayin kowace cibiya daban, da nisanta, da ranar da aka tabbatar da shi na ƙarshe.

Fom ɗin turawa kuwa kada ya wuce gurbi biyar ko shida. Idan asibitin na da rumbun bayanan majinyata na kwamfuta, ku haɗa ta hanyar FHIR, ƙa'idar musayar bayanan lafiya tsakanin manhajoji, don shekaru, cuta da sakamakon gwaje-gwaje su cike kansu. A bar likita ya fara, nas ko mataimaki ya ƙarasa, abin da aka rubuta kuma ya ajiye kansa idan kira ya katse. A sa gurbin da ke tabbatar da majinyaci ya yarda a ba cibiyar bayanansa, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa wannan ba amincewar shiga gwaji ba ce. Waccan masu binciken ne za su karɓa bayan cikakken bayani. Dokokin kare sirrin bayanai irin su HIPAA a Amurka da GDPR a Tarayyar Turai ba sa wasa da wannan, don haka sunan majinyaci kada ya taɓa fitowa a sanarwar da ke bayyana kan kullallen allo.

Sai shirun. Likitan da ya tura mutum bai ji komai ba, majinyacin ya dawo yana tambayarsa ina aka kwana, ba zai sake turawa ba. Ku nuna masa matsayi a sarari: an karɓa, an kira majinyaci, ana tantancewa, ya shiga, bai shiga ba da dalili. A ga sunan jami'in da ke riƙe da takardar da lambarsa, ku kuma yi yarjejeniya da cibiyoyi kan amsa cikin kwana biyu na aiki. Wannan ba zanen allo ne zai magance shi ba, sai an zauna da mutanen cibiyar. A faɗa wa likitan kuma wa zai ci gaba da duba majinyacin, domin tsoron kada ya kuɓuce masa na hana turawa ko da ba a furta ba.

Kada ku ce za ku cike giɓin da yawan sanarwa. Wani bita da aka wallafa a 2006 ya nuna likitoci na tsallake kashi 49 zuwa 96 cikin ɗari na gargaɗin magunguna da kwamfuta ke yi musu. Sanarwa ɗaya, lokacin da sabon sakamako ya sa majinyaci ya dace, ta wadatar.

Wajen gwada sabon fasalin, likitoci biyar a kowane zagaye sun isa su tona mafi yawan manyan matsaloli. Ku ba su takardar majinyacin ƙirƙira mai giɓi a ciki, ku riƙe agogo, ku katse su a tsakiya kamar yadda ake yi musu a asibiti, ku ga ko za su gane inda suka tsaya. Ma'aunin SUS mai tambaya 10, wanda ke auna sauƙin amfani da manhaja, zai ba ku maki. Matsakaicinsa kusan 68 ne cikin 100. Amma alƙaluman da za ku kai wa shugabanninku su zama biyu: kashi nawa na waɗanda aka tura suka kai ga tantancewa, da kwana nawa ake ɗauka daga aikawa zuwa kiran farko.