Tambaya da amsa: Wa ke kula da lafiyar mutanen unguwa a Landan bayan yaƙin duniya na biyu?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, barka da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin duba-gari, malaminmu ya ba mu aikin gida wai kowa ya ɗauki ƙaramar hukuma ɗaya a Landan bayan yaƙin duniya na biyu ya yi bayanin yadda take kula da lafiyar jama'arta. Ni abin da ya ɗaure min kai, na ji ana cewa tun 1948 gwamnatin Birtaniya ta kafa NHS, wato hukumar kiwon lafiya ta ƙasa, ta karɓi komai magani ya zama kyauta, to me kuma ya rage wa ƙaramar hukuma? Kuma NHS ɗin ce ta raba su da mashaƙo da tarin fuka? Don Allah a taimaka, na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. In za ki bi shawarata ki ɗauki Finsbury, don ƙarama ce kuma labarinta a fili yake, da ita zan ba ki misali.

Lokacin Landan tana da ƙananan hukumomi 28 ne, a samansu kuma akwai babbar majalisar birnin da ake kira LCC. Finsbury tana tsakiyar gari daga arewa kaɗan, unguwar talakawa ce da masu ƙananan sana'o'i, maɗaba'u, masu gyaran agogo, 'yan Italiya masu saida askirim. A 1901 mutanenta sun haura dubu 100, amma zuwa 1951 sun koma wajen dubu 35 kacal, wasu sun ƙaura bayan gari tun kafin yaƙi, wasu bamabaman Jamus ne suka rushe musu gidaje suka tashi. Waɗanda suka rage kuma da yawansu a tsofaffin gidajen haya suke, iyali guda a ɗaki ɗaya ko biyu, famfo ɗaya da masai ɗaya na mutanen gida duka, bango yana tsattsafo da damshi, rufi yana yoyo saboda girgizar bam kuma babu kayan gyara.

Toh abu na farko da nake so ki riƙe, NHS ba ta tarar da fili fetal ba. Kowace ƙaramar hukuma tana da likita guda da doka ta wajabta mata ta ɗauka, babban jami'in lafiya, shi ba ya zama ya duba marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, aikinsa unguwar ce gaba ɗaya: nawa aka haifa, nawa suka mutu, me ya kashe su, a wane layi. A ƙarƙashinsa akwai 'yan duba-gari, da nas-nas masu zaga gidaje, da asibitin awon ciki da na jarirai, da ɗakin duba masu tarin fuka. Finsbury ma ta wuce sa'o'inta, don a 1938 ta buɗe cibiyar lafiya a titin Pine wadda har yau masu zanen gine-gine ke zuwa kallo, Berthold Lubetkin ne ya zana ta, wanda ya tsaya kai da fata aka gina kuma wani likita ne ɗan asalin Indiya, Dakta Chuni Lal Katial, shugaban kwamitin lafiya na ƙaramar hukumar wanda ya zo ya zama magajin garin. A ciki akwai sashen tarin fuka, da na haƙori, da na masu ciwon ƙafa, da ɗakin da ake haska wa yara fitila mai hasken rana saboda ƙafafunsu da ke lanƙwashewa don rashin rana da abinci mai gina jiki, can ƙasa kuma wurin kashe ƙwayoyin cuta a kaya da ɗakin ajiye gawa. Kin ga shekara goma kenan kafin NHS. A lokacin yaƙi ma an yi wata fasta da hoton ginin, a bayansa an zana yaro mai lanƙwasassun ƙafafu a cikin kango, Firaminista Churchill ya gani ransa ya ɓaci aka janye ta.

Sai ranar 5 ga Yuli 1948, ministan lafiya Aneurin Bevan ya ƙaddamar da NHS. Abin da ta kawo babba ne kar ki raina shi. Kafin nan inshorar da aka kafa tun 1911 ma'aikaci kawai take ɗauka, matarsa da 'ya'yansa sai an biya kafin likita ya duba su, shi ya sa mata da yawa suke ta fama da ciwo shekara da shekaru suna dannewa, da aka ce kyauta ne kuwa sai ga layi, masu neman tabarau, masu neman haƙoran roba, har kuɗin ya fi ƙarfin lissafin gwamnati, a 1951 aka sa kuɗi a kan tabarau da haƙora Bevan ya yi fushi ya ajiye muƙami, a 1952 aka sa sule ɗaya a kan takardar magani.

Amma ga inda tambayarki take. An raba aikin gida uku ne. Asibitoci suka koma hannun hukumomin yanki na gwamnatin tsakiya. Likitocin unguwa masu ɗakin duba marasa lafiya na kansu aka yi kwantiragi da su ta wata hukuma daban. Kashi na uku, wato awon ciki, awon jarirai, ungozoma, nas mai zaga gida, rigakafi, motar ɗaukar marasa lafiya, aka bar wa hukumomin gida, sai dai a Landan ba ƙananan hukumomin aka bar wa ba, LCC aka ba, ita kuma ta yanka birnin shiyya tara. Ma'ana Finsbury da ta gina abinta da harajin mutanenta ta wayi gari an karɓe mata aikin mata da yara an ba LCC, an karɓe na tarin fuka an haɗa da asibitoci. A gini ɗaya sai ki samu ma'aikata suna gaisawa kullum da safe amma kowa da uban gidansa da inda yake kai rahoto. Ni a ganina nan an yi asara, don mai tarin fuka matsalarsa ba a huhu kawai take ba, tana ɗakin da yake kwana da yara huɗu, kuma mai ikon huhun daban mai ikon ɗakin daban. Cibiyoyin lafiya irin na Finsbury da dokar kafa NHS ta 1946 ta yi alƙawarin za a baza ko'ina ma ba a gina su ba sai 'yan ƙalilan, babu kuɗi kuma likitocin unguwa ba sa so su zauna ƙarƙashin hukuma, ta Woodberry Down da LCC ta buɗe a 1952 ita ce ake ta nunawa.

Me ya rage wa ƙaramar hukuma kenan? Aikinku ne ya rage, aikin duba-gari, kuma wallahi ba ƙaramin abu ba ne. Duba-gari shi ke shiga gidan haya in an kai ƙara, ya auna ɗaki ya ƙirga masu kwana a ciki, ya duba magudanar ruwa da masai, ya rubuta wa mai gida takardar gargaɗi da wa'adi, in ya ƙi a kai shi kotu, in gidan ya wuce gyara a rubuta cewa bai cancanci ɗan adam ya zauna ba. Shi ke ɗiban madara a kwalba ya kai a gwada ko an tsarma ruwa ko akwai ƙwayar cuta, shi ke duba nama da gidajen burodi da masana'antu. Askirim ma da kike gani, bayan ɓarkewar taifot a garin Aberystwyth a 1946 da aka gano daga askirim ne, a 1947 aka yi doka dole a dafa haɗin kafin a daskarar, kin ga a unguwa irin Clerkenwell ta cikin Finsbury mai 'yan askirim wannan aiki ne na kullum. Akwai kuma masu kama ɓeraye, don kangayen bam da fasassun magudanai sun zame musu gida.

Wurin kashe ƙwayoyin cutar nan bari na ɗan tsaya a kai don littattafai ba su cika bayaninsa ba. In aka samu cuta mai yaɗuwa a gida, doka ce likita ya sanar da babban jami'in lafiya, sai mota ta zo ta kwashe katifa da barguna da tufafi a kai su a zuba cikin wata babbar tukunyar ƙarfe mai tururi, a saka ta ƙofa ɗaya a fitar ta wata ƙofar don mai datti kar ya haɗu da mai tsabta. Yaran da malamar makaranta ta gano da ƙwarƙwata ko ƙazuwa nan ake kawo su a yi musu wanka a shafe su da magani. In kuma iyali za su tare a sabon gidan hukuma, irin rukunin gidajen Spa Green da Finsbury ta gina wanda Bevan da kansa ya aza harsashinsa a 1946, a wurare da yawa sai an bi da kayan ɗakinsu ta wurin feshi tukuna saboda kuɗin cizo. Mutane suna jin kunyar abin sosai, motar ta tsaya a ƙofar gidanka duk layi sun san me ake ciki, amma dai yana aiki.

Ɓangaren jarirai kuma duk da ya koma LCC tsarin bai canza ba. Duk haihuwa sai an sanar da hukuma cikin awa 36. Ungozoma ta gama zuwanta na kwanakin farko, sai nas mai zaga gida ta ƙwanƙwasa ƙofa ba tare da an kira ta ba, ta ga inda jariri ke kwana, ta tambayi shayarwa, ta buɗe masa kati, ta ce wa uwar ranar kaza ki kawo shi awo. A wurin awon a ɗora shi a sikeli a rubuta, a ba uwa madarar gari ta gwamnati da ruwan lemo da man hantar kifi a kan kuɗi kaɗan ko kyauta, ki tuna har 1954 abinci da kati ake sayensa a ƙasar. In ba ta zo ba nas ɗin ta koma. Wannan komawar ita ce sirrin. Mutuwar jarirai a Ingila da Wales ta sauko daga wajen 46 cikin dubu a 1945 zuwa wajen 30 a 1950, zuwa wajen 22 a 1960.

Yanzu mashaƙo. A'a, ba NHS ce ta kore shi ba. Gangamin rigakafin na ƙasa baki ɗaya tun ana tsakiyar yaƙi aka fara shi, farkon shekarun 1940, kuma hukumomin gida ne suka yi aikin a makarantu da asibitocin awo. A 1940 mutum sama da dubu 61 suka kamu, 3,283 suka mutu, zuwa 1957 mutum 38 ne suka kamu shida suka mutu. Kafin NHS ta zo an riga an karya lagonsa. Ke da kika ga abin da mashaƙo ya yi a Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, galibi a yaran da ba su cika allurarsu ba, kin san allurar tana nan tun tuni, wanda zai bi yaro har gida da rajista a hannu shi ne ake rasawa.

Tarin fuka shi kam hannu da yawa ne. An fara yawo da motocin ɗaukar hoton ƙirji tun lokacin yaƙi, maganin streptomycin ya fito aka tabbatar da amfaninsa a gwajin da aka wallafa a 1948, aka zo ana haɗa shi da wasu magunguna, a 1953 aka fara yi wa 'yan makaranta allurar BCG. Nan NHS ta taka rawa don maganin da gadon kyauta ne. Amma rage cunkoso a ɗaki da dafa madara su ma sun yi nasu, kuma cutar ta fara ja baya tun kafin maganin. Shan inna kuwa bayan yaƙin ma ya fi tsananta, 1947 ta yi muni, sai 1956 aka fara rigakafinsa.

Kar ki manta da hayaƙi a rubutunki. Daga 5 zuwa 9 ga Disamba 1952 hazo ya haɗu da hayaƙin kwal da kowane gida ke ƙonawa don ɗumi ya zauna a kan Landan babu iska, mutum ba ya ganin ƙafarsa a wasu wuraren, motocin asibiti suka kasa tafiya. Lissafin farko ya ce mutum wajen 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai shi har wajen 12,000, yawanci tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Dokar tsabtace iska ta 1956 ƙananan hukumomi ta ba ikon ware unguwannin da ba a yarda hayaƙi ya fita ba, tare da tallafin canza murhu, kuma duba-gari ne ya bi gida-gida yana duba murhun. Babu asibitin da zai iya wannan.

Daga baya tsarin ya sake juyawa. A 1965 aka rushe LCC aka faɗaɗa Landan, aka haɗe ƙananan hukumomin ciki da na kewaye suka zama 32 manya, Finsbury ta narke cikin ƙaramar hukumar Islington, aikin mata da yara ya dawo hannun sababbin hukumomin. A 1974 aka sake karɓewa aka ba NHS, aka soke kujerar babban jami'in lafiya ɗungurungum, duba-gari kawai aka bari. A 2013 kuma aka maido wa ƙananan hukumomin wani ɓangare na kiwon lafiyar al'umma.

Don aikin gidan naki, kowane babban jami'in lafiya yana rubuta rahoton shekara, kuma ɗakin karatu na Wellcome ya saka na Landan a intanet kyauta, daga 1848 har 1972. Ki buɗe na Finsbury na 1947 da na 1949 ki ajiye su gefe da gefe, ki duba waɗanne babuka ne suka ɓace a na biyun, sannan ki kwafo teburin mutuwar jarirai da na cututtukan da aka sanar da adadin gidajen da duba-gari ya shiga. Ki kula dai, unguwa mai mutum dubu talatin da 'yan kai haihuwarta a shekara ba ta da yawa, jarirai biyar kacal za su iya ɗaga lissafin ko su saukar da shi, don haka ki haɗa shekara biyar-biyar kafin ki ce abu ya ƙaru ko ya ragu.