Ga ƙanwar da ta yi tambaya kan miskilin da za ta aura

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwata da kika ɓoye sunanki, wallahi tun da na karanta saƙonki jiya da dare barci ya ƙaurace min. Kin ce an sa ranarku bayan Babbar Sallah, kina aji biyu a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari, shi kuma in ya zo zance ke kaɗai kike magana yana danna waya, duk sanda kika taɓo batun karatunki sai ya ce "za mu gani". Kika tambaya ko irin miskilancin jaruman littafi ne da ke narkewa bayan aure, ko kuwa ke ce ba ki shirya ba. Na ga masu ce miki namiji mai shiru ya fi mai surutu. Ni ba zan ce miki haka ba, don "za mu gani" ɗin nan ita ta raba ni da makaranta.

Mu da muka fara karatun nan tun ana hayar littafi a shago har ya dawo WhatsApp da Wattpad, duk mun san jarumin. Ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa, kallo ɗaya yake yi kowa ya shiga taitayinsa. Amma ki lura da abin da marubuciya take yi mana. Ya share yarinyar a falo, shafi na gaba sai ta kai mu ɗakinsa mu gan shi yana juyi a gado, zuciyarsa na kiran sunanta. Mu masu karatu mun san yana sonta saboda an buɗe mana ƙirjinsa. Ke wa zai buɗe miki ƙirjin naki saurayin? Abin da ya fito daga bakinsa kawai kike da shi. Kuma rashin maganar nan da gangan ake sa shi, don da jarumar ta tambaye shi gaskiya tun farko da labarin ya ƙare kafin ya fara. Ba aibata marubutanmu nake yi ba, har gobe ina karantawa, amma da wuya ki ga inda jaruman suka zauna kafin aure suka yi maganar kuɗin cefane, ko a gidan wa za a zauna, ko wa zai biya kuɗin rajista.

Nawa haka yake. Dogo, mai tsabta, ba ya son hayaniya, ƙawayena har ce min suke na samu na littafi. Aka kai ni gidansu na gandu a cikin gari, da mahaifiyarsa da yayarsa da take zawarci. Tsohuwar ba ruwanta, Allah ya jiƙanta. Yayar ce. Tun satin farko ta fara: ɗiyan makaranta idonsu ya buɗe, malamai maza ke koya musu, wa ya san abin da ake yi can. In ya dawo daga kasuwa ɗakinta yake fara shiga, ya daɗe, ya fito fuska a murtuke. In na ce lafiya, ya ce ba komai.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ranar fara jarrabawa. Lokacin zafi ne, irin na watan Afrilu da tun hantsi ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Na kwana ina karatu da fitilar waya, da asuba na goge hijabina da dutsen guga na gawayi don babu wuta. Na shirya tsaf, na duba jakata babu katin jarrabawa. Na zazzage akwati, na ɗaga katifa, babu. Na zo fita na tarar an sa wa ƙofar sashenmu kwaɗo ta waje. Ina tsaye a bayan ƙyauren na ji kabu-kabu ya tsaya, na ji sallamar ƙawata da ta biyo min, na ji da kunnena yayarsa tana ce mata, "Ta yi tahiya, ba ta nan." Na buɗe baki in yi kira, muryar ta ƙi fita. Na zauna a ƙasa da hijabin a jikina har aka kira azahar. Da yamma da na je hura wuta na ga guntun katin a cikin tokar murhu, gefen hotona bai gama ci ba. Yayar tana zaune a kan tabarma tana tsinke zogale, ta ɗago ta ce, "Mi kika nema?" Har yau in na ji ƙaurin roba gabana sai ya faɗi. Na yafe wa mutane da yawa a rayuwata, ita kam ina ta roƙon Allah ya ba ni ikon yafe mata, don ta san abin da karatun nan yake a wurina, ta san mahaifiyata sai da ta sayar da tumakinta ta biya min rajista.

Da ya dawo ina kuka, abin da ya ce kawai shi ne, "Na taɓa ce miki za ki ci gaba?" Da magana ta kai gaban baffana, shi ma tambayarsa ɗaya: a gaban wa aka yi wannan alkawari? Babu. Auren bai yi ƙarko ba, na fito da ɗiya ɗaya, sai daga baya na koma makaranta.

Don Allah kada ki bari a ɗaura a kan "za mu gani". Ki tambaye shi kai tsaye, e ko a'a. In kunya ta hana ki, ki gaya wa Inna ko gwaggonki su kai wa waliyyinki, a faɗe shi a gaban magabatansa, da shaidu, in da hali a rubuta. Kuma ki tambayi inda za a ajiye ki da su wa za ki zauna, don ni ba miji kaɗai na aura ba. Bincike ba rashin kunya ba ne. Fatima bint Ƙais ta je wurin Annabi (SAW) da maganar masu nemanta biyu, Mu'awiya da Abu Jahm, ya gaya mata halin kowannensu a fili, ɗaya ba shi da dukiya, ɗaya ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, ya nuna mata Usama bin Zaid. Yayyenki maza su je unguwarsu, su tambayi abokan sana'arsa da masallacin da yake salla. Duk wanda ya ce miki karatun mace baƙon abu ne, ki tuna masa a garin Nana Asma'u muke, wadda ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da matan aure.

Af, kun yi gwajin jini kuwa? Wannan ma littafi ba ya faɗa. In ke AS ce shi ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai sikila. Ku je tare, ki ga takardar da idonki, har da na ƙanjamau da ciwon hanta. Ina da maƙwabciya da take kwana asibiti da yaronta, ba na so in ga wata a wannan hali. Kuma ki riƙe sana'a ko ta turaren wuta ce, kuɗin hannunki daban ne.

Batun ko kin shirya, ni ban ga alamar rashin shiri a mace mai tunanin gobenta ba. Abin da ya dame ni shi ne kin ce tsoron ɓata masa rai ne yake sa ki haɗiye maganar. Yanzu da kike gidanku, ga Inna ga Baba, kina tsoro, ina ga an kai ki? Wataƙila mutumin kirki ne, kawai bai iya zance ba, akwai su da yawa, amma irin wannan in aka tambaye shi abu mai muhimmanci yana ba da amsa ko da a gajarce ne. Ki yi istihara, ki tambaye shi cikin ladabi a zuwansa na gaba. In ya sake cewa za mu gani, ki ce masa kafin a kawo lefe kike son ganin. Ki dawo zauren nan ki gaya mana abin da ya ce, yadda ya faɗe shi.