Inabin Sagrantino: me ya sa yake ɗaure baki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aikin tsinkar inabi a wata gona kusa da garin Montefalco a Italiya. Akwai wani baƙin inabi da suke kira Sagrantino. Na ɗanɗana, zaƙi kam akwai, amma ya ɗaure mini baki kamar na ci ɗanyar kanya. Bai nuna ba ne, ko maganin feshi ne? Ni ba na shan giya, sai dai ina son sanin abin da nake tsinka.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa nema albarka. Kwantar da hankalinka, inabin ya nuna, kuma baurin da ka ji halittarsa ce. Amma ka riƙa wankewa kafin ka ci, domin ana yi wa gonakin inabi feshi.

Abin da ya ɗaure maka baki wani sinadari ne da ake kira tanin, kuma ka san shi tun a gida ko da ba ka san sunansa ba. Shi ne baurin goro, shi ne na shayin da ya daɗe a wuta, kuma shi ne ke cikin bagaruwar da majema ke jima da ita. Yadda bagaruwa ke kama fatar akuya ta hana ta ruɓewa, haka tanin ke kama furotin ɗin da ke cikin yawunka. Yawun ya rasa santsinsa, harshe ya riƙa gogar dasashi, sai ka ji baki ya bushe alhali ruwan inabi ne a ciki. Tanin yana zaune ne a ɓawo da ƙwallayen ciki da kuma sandar nonon inabin, wato reshen da 'ya'yan ke manne da shi. To Sagrantino ƙananan 'ya'ya gare shi masu kaurin ɓawo, kuma yana cikin inabin da suka fi kowane yawan tanin a duniya. Jarraba wannan: matse tsokar kaɗai a baki, ka yar da ɓawon, kada ka tauna ƙwallon. Za ka ji zaƙi zalla. Sannan ka tauna ɓawon shi kaɗai, nan za ka gane inda baurin yake.

Ka faɗa gonar inabin da ba a cika samunsa a wani wuri ba. Kusan duk nomansa yana yankin Umbriya ne, a tuddan Montefalco da maƙwabtanta irin su Bevagna da Gualdo Cattaneo da Castel Ritaldi da Giano dell'Umbria. A da can ba a yi masa manyan gonaki. Mutane kan shanya nonnansa a kan tabarmin kara har su yi yaushi, su yi da shi giya mai zaƙi da suke kira passito, wadda ake sha a bukukuwan addininsu, musamman na Ista. Wajen shekarun 1960 ya kusa ɓacewa, manoma sun koma ga irin da ya fi yabanya. Kaɗan ne suka riƙe shi, daga cikinsu akwai gidan Arnaldo Caprai da aka kafa a 1971, wanda daga baya ya haɗa kai da Jami'ar Milan wajen tace irin. Hukuma ta ba shi lambar kariya ta DOC a 1979, sannan ta ɗaga shi zuwa DOCG, matakin ƙoli, a 1992. Wannan ɓangaren ne ya fi burge ni a matsayina na mai nazarin iri: da waɗannan 'yan manoma sun sare kurangarsu, da yau babu shi.

Baurin nan ne ma ya sa masu giyar ke ajiye ta shekaru, wani ɓangare a gangunan katako, kafin su sayar, domin tanin kan lafa da daɗewa.

Kai da ba ka sha, akwai hanyoyin sanin ɗanɗanonsa. Ka bar shi ya kai ƙarshen nuna, domin yana cikin waɗanda ake tsinka a makare, wajen Oktoba. Ka shanya kaɗan a inuwa mai iska su zama zabibi. Ko ka ci shi da cuku ko nama mai kitse, tanin zai kama furotin ɗin abincin ya sakar maka yawu. Idan kuma aka ba ka ruwan da aka matse, wanda suke kira mosto, ka tambayi lokacin da aka matse shi. Akwai yis a jikin ɓawon inabi, kuma cikin kwana ɗaya ko biyu ruwan kan fara tsima ya soma zama giya. In ka ga kumfa na tasowa ko ka ji yana tsikarin harshe, ka bar shi. Wanda aka matse a gabanka ka sha nan take, ko ka tafasa shi har ya yi kauri kamar zuma, ka riƙa shafawa a burodi.