Na sa wa mota turbo, in ƙara nozul?

Tambaya: Salam Malam, na ɗora wa motata mai silinda 4 turbo (na'urar da ke tura wa inji ƙarin iska), in na taka ta sosai sai ta riƙa shaƙewa, makanike ya ce mai ne ba ya isa wai a ƙara nozul (abin da ke fesa wa inji mai) ɗaya a bakin maniful (bututun da ke raba wa silindoji iska). In yarda? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kar ka yi gaggawa. Tsofaffin injina nozul ɗinsu tare suke fesawa ko bibbiyu, na zamani kuwa ɗaya bayan ɗaya ne, bisa jerin silinda 1-3-4-2, birenbos (kwamfutar injin) na bin sensan kamshaf, wanda ke nuna masa silindar da lokacinta ya yi. Amma in inji ya kai juyi 6000 a minti, milisakan 20 kacal kowace nozul take da shi a kowane zagayen feshi, in tana buɗe sama da kashi 85 na lokacin to ta kai maƙura.

Matsalar nozul guda a bakin maniful ita ce man ba ya rabuwa daidai, wata silinda ta ƙoshi wata ta yi yunwa, mai yunwar nan kuwa zafi take yi har fistin ya narke, wannan ne abin da nake jiye maka wallahi. Ni dai gara ka sa manyan nozul 4 a sake saita birenbos, kuma a fara auna famfon mai tukuna, sau da yawa shi ne ya gaza.