Kwantenar Firjin Beljiyam: Kaya Ne Ko Bolar Wani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne a Sabon Gari, Kano, shekarata goma sha ɗaya ina sayar da kayan wuta. Wani da na saba sayen kaya a hannunsa, mazaunin birnin Antwerp na ƙasar Beljiyam, ya yi mini tayin kwantena mai ƙafa 40 cike da firji, firiza da esi na hannu. Ya ce kuɗin jirgi da na fito kawai zan biya, in na sayar mu raba riba. Ya ƙara da cewa in abin ya yi kyau zai sa jari mu buɗe wurin gyara da haɗawa a Sharaɗa, unguwar masana'antu ta Kano. Ejan ɗina mai fito mini da kaya daga tashar jirgin ruwa ya ce kada in damu, akwai hanya. Jarina bai wuce naira miliyan 40 ba. Bazara na tafe, masu ƙanƙara suna ta tambayar firiza. In shiga?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Wannan kwantenar kada ka taɓa ta. Maganar Sharaɗa kuma kada ka yar da ita, za mu dawo kanta.

Tsohon firji, tsohuwar firiza, tsohon esi da tsohuwar kwamfaresa duk suna cikin jerin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su Najeriya. Ba haraji mai tsada aka sa musu ba, hanawa aka yi. Banki ba zai buɗe maka Fom M, wato takardar neman izinin shigo da kaya, a kansu ba, don haka "hanyar" da ejan ɗinka yake faɗa ɗaya ce cikin uku: a rubuta wani suna a takarda, a ce kayan ƙaura ne na wanda ya dawo gida, ko a cusa su cikin tsofaffin motoci. Ko wacce aka bi, sunanka ne a takarda. Ranar da aka buɗe kwantena a tashar jirgin ruwa ta Tin Can a Legas, mutumin Antwerp yana can yana shan shayinsa, ejan kuma ya riga ya karɓi kuɗin aikinsa.

Na san abin da za ka ce: ai gwanjo ma an hana, ga shi nan dila-dila a Ƙofar Wambai. Gaskiya ne. Amma mai gwanjo in aka kama masa dila biyar, gobe ya sake sarowa. Kai jarinka gaba ɗaya za ka ɗora a kan akwati guda, wanda ba ya ɓoyuwa a ƙarƙashin buhun masara. Hanyar Kwatano zuwa Maraɗi da iyayenmu suka sani ita ma ba kamar da take ba, tun rufe iyakokin da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, balle abin da ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023.

Akwai abin da nake so ka bambance, don zai yi maka amfani har a wasu kayan. Jerin nan na kwastam ya haɗa abu iri biyu. Akwai waɗanda aka hana don kare masana'antun gida, irin su taliya, sabulu, kajin ƙanƙara da biro. Irin wannan hani yana bin iskar gwamnati ne. Dubi kaya 41 da Babban Banki ya hana wa dala a Yunin 2015, daga baya suka zama 43: a Oktoban 2023 aka janye rana ɗaya. Ɗan kasuwa yana iya zaman jiran irin wannan. Hanin tsohon firji kuwa, duk da masu haɗa sabo a Legas suna cin moriyarsa, kuma ba na shakkar suna goyon bayansa don aljihunsu, a ɗaure yake da yarjejeniyoyin da ƙasa ta sa wa hannu. Ba minista ɗaya ne zai tashi da safe ya kwance shi ba.

Asalin tsaurin da Najeriya take yi kan shigo da shara daga Koko ne, wani ƙaramin gari mai tashar jirgin ruwa a tsohuwar jihar Bendel, Delta ta yanzu. A 1988 aka gano wasu 'yan kasuwar Italiya sun jibge dubban durom-durom na guba, kusan tan 3,800, a filin wani dattijo da suke biya dala 100 a wata. Shi a zatonsa haya ya samu. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka tsegunta wa jaridu. Gwamnatin Babangida ta kira jakadanta gida, aka tilasta wa Italiya kwashe kayanta, kuma a shekarar aka yi doka mai lamba 42 wadda ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shigo da shara mai cutarwa. Shekara ɗaya bayan nan duniya ta yi yarjejeniyar Basel, mai tsara yadda ake kai shara mai cutarwa daga wata ƙasa zuwa wata. Hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta NESREA, da aka kafa a 2007, ita ke tsaron wannan ƙofa yanzu, kuma ta sha tsare jirage a Legas ta sa a mayar da kwantenoni inda suka fito. Ba na ce maka duk wanda aka kama da tsohon firji gidan yari zai ƙare ba. Galibi ƙwace kaya ne da tara da zaryar kotu. Amma in rabin kayan matattu ne, sunan abin ya tashi daga "kayan hannu" ya koma "shara", dokar da za a karanto maka kuma ta canza.

Kuma matattun za su yi yawa. Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya da cibiyar yarjejeniyar Basel da ke Ibadan sun sa mutane a tashoshin Legas a 2015 da 2016 suna duba kaya. Sun ƙiyasta ana shigo da tsofaffin kayan wuta kimanin tan 60,000 a shekara, aƙalla tan 15,400 ba sa aiki, kuma kusan kashi 70 cikin ɗari a cikin motoci ake cuso su. Wancan ma gwajin kunnawa ne kawai. Firjin da ya yi ƙara da aka jona shi bai zama lalle ya yi ƙanƙara a Kano cikin watan Afrilu ba.

Yanzu ka tambayi kanka: me ya sa mutum zai ba ka kwantena kyauta? Ruwa ba ya tsami banza. A Turai tsohon firji ba dukiya ba ne, nauyi ne. Doka ta ce sai an zuƙe gas ɗinsa da man kwamfaresa, a niƙa kumfar jikinsa a rufaffen wuri, duk da kuɗi. Wanda ya loda shi a jirgi ya huta da wannan kuɗin, kai kuma ka biya masa na jirgi. Riba ya riga ya ci tun kafin ka sayar da ko ɗaya.

Na taɓa raka wani abokin hulɗa ganin irin waɗannan kaya da aka sauke masa a wani sito. Mai gyaran da muka tafi da shi bai ko kalli gaban firjin ba. Juya su ya dinga yi yana duba abu biyu. Na farko wayar wuta: da yawa an datse ta daga gindi, alamar daga wurin tara shara aka kwaso su. Na biyu ɗan farantin da ke jikin kwamfaresa, inda ake rubuta irin gas. Ya goge ƙurar da babban yatsa ya nuna mana R12. Turai ta daina yin wannan gas tun tsakiyar shekarun 1990, ƙasashe irin namu wa'adinmu ya cika a 2010, bisa yarjejeniyar Montreal ta 1987, saboda yana cinye rigar ozon da ke tare mana zafin hasken rana. Ke nan firjin ya ba shekara ashirin baya tun a lokacin. Yawancin tsofaffin esi kuma R22 ne, wanda Tarayyar Turai ta hana ko ɗura shi a gyara tun farkon 2015, shi ya sa aka ciccire su aka turo mana. Mu ma wa'adinmu a kansa 2030 ne, ana rage shigo da shi mataki-mataki. Duk wanda ka sayar wa irin wannan, gas ɗin gyaransa tsada zai yi ta yi. A ƙarshe abokin nawa 'yan gwangwan ya kira, suka auna a kilo. A gabanmu yaro ya sa zarto ya yanke bututu, gas ya yi tsiii ya bi iska, ya zare tagullar, kumfar kuma aka tara a bayan katanga aka cinna mata wuta.

Sai batun wuta, wanda shi ne zai dami mai ƙanƙara. Ghana ta hana tsohon firji daga 1 ga Janairun 2013, kuma hujjar hukumar makamashinsu ita ce matsakaicin irinsa yana shan yunit kusan 1,200 a shekara, ninkin sabo sau biyu ko uku. Ɗauki wannan ka buga da kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, wanda ya haura naira 200 kowane yunit a Afrilun 2024: naira 240,000 ke nan a shekara. In da janareta ne ma kada a yi magana. Hajiya mai zoɓo da kunun aya ba ta san Montreal ba, amma ta san mita, kuma ta san shagon da ta saya.

To, Sharaɗa. A nan ne za ka gane ko mutumin abokin tarayya ne ko mai neman wurin zubar da shara. Dokar NIPC, hukumar bunƙasa zuba jari, ta 1995 ta ba baƙo damar mallakar kamfani a Najeriya ko da ɗari bisa ɗari ne. Babu abin da ya hana shi sa sunansa. Ka ce masa ku yi rajistar kamfani a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, kowa da kasonsa a rubuce, ya turo jarinsa ta banki a ba shi takardar shaidar shigo da jari, wadda da ita ne zai fitar da ribarsa ta halastacciyar hanya. In kuma jarin nasa injuna ne, a yi musu ƙima a rubuta, ka tabbatar ba injunan da aka daina aiki da su a can ba ne. Mai niyyar gaske zai yi murna da wannan tsari, don kare shi yake yi. In ya fara kwana-kwana yana cewa a fara da kwantenar tukuna, akwai lauje cikin naɗi.

Kafin ka biya kuɗin fili, ka san inda dokar muhalli za ta tsaya maka. Shagon gyara da haɗa sabbin kaya abu ne mai sauƙi. Amma da zarar aikin ya haɗa da farfasa tsofaffi, tara gas, ko taɓa batura masu dalma, ka shiga hurumin dokar tantance tasirin aiki ga muhalli ta 1992, sai ma'aikatar muhalli ta duba ta amince kafin a aza tubali, ga kuma lasisin NESREA. Ƙa'idojin kayan wuta na 2011, da aka sabunta a 2022, sun ɗora wa mai shigowa da mai haɗawa alhakin kayansa har bayan sun mutu: za ka yi rajista da EPRON, ƙungiyar da ke kula da tattara matattun kayan wuta, ka riƙa biyan wani kaso don a tattara a sarrafa. Ka sa wannan a lissafin farashi tun yanzu. Mutanenmu sun saba ganin irin waɗannan takardu a matsayin cin kuɗi kawai, wani lokacin ma ba su yi ƙarya ba. Amma wanda ya san yadda ruwan majemu ya yi wa kogin Challawa, ko yaran Zamfara sama da 400 da gubar dalma ta kashe a 2010, ya san ba don ado aka rubuta su ba. Ta fuskar kuɗi zalla ma, banki ko hukumar da za ta ba ka rance mai sauƙi takardun nan za ta fara tambaya.

Da ni ne da miliyan 40 ɗin nan, ba zan kai Sharaɗa bana ba. Zan ware abin da bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba in saro sabbin firiza masu gas R600a daga dilolin cikin gida, har da 'yan kaɗan masu aiki da sola, in gwada su a hannun masu ƙanƙarar da na sani, biya kaɗan-kaɗan da mai tsaya musu. Zan tura yaro ɗaya ya koyi gyaran R600a da kyau, don gas ne mai kama wuta, ba a yi masa aikin ganganci da wutar walda. Wanda ya iya gyaran abin da yake sayarwa, kwastomansa ba sa nisa. In kuma ranka na kan kayan Turai na hannu, akwai waɗanda ba a hana ba, kamar kwamfuta, muddin ka yi rajista da NESREA kuma an gwada kowanne an liƙa masa shaidar yana aiki. Ka lura dai, daga Janairun 2025 yarjejeniyar Basel ta ce duk sharar kayan wuta sai da izinin ƙasar da za a kai, don haka binciken ya ƙara tsanani tun daga can.

Shi kuma ejan ɗinka, ba sai kun yi musu ba. Ka ce ka yarda, amma ya rubuta ya sa hannu gaban shaidu biyu cewa in kwastam ta riƙe kwantenar, shi zai biya ka kuɗin jirgi, da na fito, da na kwanakin da za ta yi a tasha. Ka miƙa masa biro.