Amsa ga ƙanenmu mai neman tiyunar ƙafa da za ta jure biki

Wa alaikumus salam ƙanena. Tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai na samu zama don maganar ta fi ƙarfin layi biyu. Ka ce kana kaɗa jitar lantarki a bukukuwa nan cikin Katsina, da wayar salula kake saita tsirkiya, 'yar ƙaramar tiyunar nan (na'urar da ke nuna ko sautin tsirkiya ya daidaita) da ake maƙalawa a kan jita kuma sau biyu tana karye maka. Shi ne kake son sanin wace tiyuna ta ƙafa, irin wadda ake takawa, za ka saya ta daɗe.

Shawarar komawa ta ƙafa daidai ce. Waya da makirfo take saurare, a ɗaki lafiya lau, amma a filin biki inda fiyano ke tashi, janareta na ruri, 'yan mata na guɗa, ba ta san muryar wa za ta bi ba. Ta maƙalawa kuma girgizar katako take ji, manyan sifiku na fara dukan dandamali sai ta ruɗe. Ta ƙafa kuwa abin da ya biyo wayar jitarka kawai take karantawa. Kana taka ta sauti ya ɗauke, ka yi saitinka shiru, ba sai dangin amarya sun sha tiin-tiin ba. Ni ko waya zan zare ko zan sauya jita, ita nake fara takawa, don kada amfilifaya ta yi ƙarar nan mai razana mutane.

Ta farko da na saya ta roba ce, ba ta da wani suna na kirki, arha ce ta ja ni. Karatunta ba laifi, amma damina ɗaya ta yi maɓallin takawar ya lotsa ciki bai ƙara tasowa ba. Daga nan na gane abin da za a riƙa takawa da takalmi, a jefa cikin but ɗin mota tare da wayoyi da sandunan makirfo, dole jikinsa ya zama ƙarfe.

In ka tambaye ni suna, Boss TU-3 zan ce maka. Kamfanin na Japan ne, a ƙarƙashin Roland. Yayarta TU-2 ta fito tun 1998, kuma har gobe akwai masu aiki da ita. TU-3 na da ƙananan fitilu 21 a jere, kuma kuskurenta bai wuce santi 1 ba. Santi shi ne kashi ɗaya cikin 100 na tazarar sautin da ke tsakanin gaɓa ɗaya da ta kusa da ita a wuyan jita, kai ka san kunnen mai rawa ba ya kama wannan. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne ana iya ƙara mata hasken fitila. Wanda bai taɓa kiɗan la'asar a fili cikin bazara ba, ba zai gane darajar wannan ba. Akwai tiyunar da sai ka durƙusa ka yi mata inuwa da hula kafin ka ga abin da take nunawa. Akwai kuma PolyTune ta TC Electronic, 'yan Denmak, wadda ta fito a 2010. Ita kana kaɗa tsirkiya shidan gaba ɗaya ta nuna maka wadda ta kauce, ga sauri tsakanin waƙa da waƙa. Na yi aiki da ta wani abokina, ba ni da abin zargi, sai dai ka sani ƙaramar cikinsu, Mini, ba ta da wurin batir, a garinmu kuwa wannan abin dubawa ne. Korg Pitchblack ma ƙarfe ce, fuskarta a bayyane. Na kamfanin Peterson suna da tsantseni sosai, har kashi ɗaya cikin goma na santi suke gani, amma wannan na mai gyaran jita ne da ɗan situdiyo, ba na mai bin bukukuwa ba.

In kuɗin sabuwa ya yi maka yawa, ta hannu ta asali ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba. Ka tafi da jitarka da wayar haɗa ta wurin mai sayarwa. Ka ɗaga ka ji nauyinta, ka taka sau goma, ka girgiza waya a bakin soket ka ji ko sauti na yankewa, ka buɗe gidan batir ka duba ko ruwan batir ya taɓa ci.

To ga inda nake so ka buɗe kunne, don taku ba shi ke kashe tiyuna mai kyau ba, wuta ce. Kusan duk waɗannan fedoji, wato na'urorin da ake takawa, bolt 9 suke ci, kuma tsakiyar bakin adaftarsu ita ce mai alamar ragi. Yawancin adaftocin da ke yawo a gidajenmu, na na'urar intanet da makamantansu, akasin haka suke, tsakiyarsu mai alamar tarawa ce, da yawa kuma bolt 12. Bakin kuma iri ɗaya, yana shiga daram. Ni da kaina na yi wannan aika-aikar a wani biki a Daura. Mun isa dab da magariba, na zazzage jaka babu adafta, na baro ta a gida. Wani yaro ya ruga ya kawo mani wata, ban ko juya bayanta na karanta ba na soka. Ko fitila ɗaya ba ta kawo ba, sai wani ɗan ƙauri da ya taso. Haka na yi daren nan ina karɓar sauti daga mai fiyano da kunne, ina gumi. Mai gyaran rediyo ya ceto ta daga baya, ya ce Allah ya taimake ni ɗan abin kariyar da ke bakin wutar ne ya ƙone. Tun ranar na naɗa jan salatif a jikin adaftata, kuma batir mai bolt 9 sabo ba ya rabuwa da aljihun jakar jitata. In janaretan wurin na hawa yana sauka, cire adaftar nake yi in koma batir. Amma ka riƙe wannan: muddin waya na soke a bakin shiga, tana shan batir ko da fitila a kashe take. An tashi hutun salla ko cin abinci, zare.

Sai ƙura. Da hunturu ta cika soket, sai ka ji ƙarar-ƙarar ka ɗauka tiyunar ce ta lalace. Ka samo mata 'yar jaka mai zif, ka riƙa hure bakunan, kada ka ɗura mata man keke ko na inji. In a ƙasa za ku yi kiɗa, ɗora ta a kan ɗan katako.

Wajen haɗawa, ita ce ta farko daga jita, kafin duk wata feda mai canza sauti, don ta ji tsirkiya tsantsarta. TU-3 na da baki biyu na fita: ɗaya yana ɗauke sauti in ka taka, ɗayan ba ya ɗaukewa. Na ga wanda ya soka a na biyun ya yi ta faɗa wai an sayar mashi da lalatacciya. Tana kuma da abin da ake kira bafa, mai hana sauti dusashewa in wayarka doguwa ce, irin mita shida ko fiye.

Saitin da aka saba daga babbar tsirkiya zuwa ƙarama shi ne E, A, D, G, B, E, lambar ma'aunin sautin A da ke cikin tiyuna kuma 440, wanda fiyano ke kai. Ka riƙa leƙa wannan lamba kafin a fara. Ɗana ya taɓa yi mani wasa da maɓallai ya kai ta 445. Tiyuna na ce mani komai daidai, mai fiyano na hararata, mai waƙa na waiwaye. Kullum ka zo wa sautin daga ƙasa: in ka zarce, sassauta kunnen jitar da ke ɗaure tsirkiyar ka sake ɗaurowa a hankali, ya fi zama. Ka kaɗa da ƙarfin da kake kiɗa da shi, don duka mai ƙarfi na ɗaga sauti na ɗan lokaci. Jitar da ta fito daga mota mai sanyi ko ta sha rana, ba ta minti goma ta saba da iskar wurin, in ba haka ba saiti biyu za ka yi. In kuma da mai gurmi kuke tare, shi da muryarsa yake ɗaure tsirkiya, ko ka roƙe shi ya karɓa daga fiyano, ko ka kashe tiyuna ka bi shi da kunne.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma na san zai zo: ka saita tsaf, kana hawa saman wuya sauti ya fara tsami. Ka danna gaɓa ta 12 ka duba, ya kamata ta nuna harafin da tsirkiyar ta nuna a sake, a tsakiya cif. In ta haura, sai a ja ɗan sirdin da ke gindin tsirkiyar baya da sukundireba; in ta gaza, a turo shi gaba. Kafin ka taɓa sukurun dai ka sa sababbin tsirkiyoyi ka ja su su miƙe, don tsohuwar da gumi ya ci ba ta tsayawa wuri ɗaya, fitilar sai ta yi ta rawa. Ka faɗa mani irin jitar taka da yawan fedojin da kake da su, in gaya maka ko adafta ɗaya za ta ɗauke su duka.