Amsa: ciwon hanta na B a yara 'yan makaranta

Maman yara, kin tambaya ko ciwon hanta na B ya yi yawa a 'yan makaranta. Gaskiya ya danganta da rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce kafin zuwan allurar kusan kashi 5 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 a duniya na ɗauke da shi, zuwa 2019 ya koma ƙasa da kashi 1. Yawanci ba a aji suke ɗauka ba, tun wajen haihuwa ne ko ta rezar da ta taɓa jinin wani, kuma yaro sai ya yi shekaru garau ido bai canza ba, wallahi wannan ne ke tada min hankali. Cin abinci tare ba ya yaɗa shi. Don Allah ki kai su gwajin jini, in babu a yi musu allurar.